In mai ciwon sukari ya yi tari, kada a ce hunturu ne



Ina son duk wanda yake da mai ciwon sukari a gidansu, uwa ko uba, kaka, kawu, ko ma shi kansa, ya ɗaga hannu. Ku dubi na kusa da ku, sannan ku sauke. Yanzu kuma wanda aka taɓa gaya masa cewa wannan ciwo yana taɓa huhu ya ɗaga nasa. Na san hannuwan za su ragu ƙwarai, kuma dalilin zamanmu na yau ke nan.

In aka ce diyabeti a Yamai, abin da ke faɗo mana a rai shi ne gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa har aka yanke ƙafar, ko idon da ya dushe, ko ƙodar da ta kai mutum layin wankin jini. Duk gaskiya ne. Amma ƙirji ba ya cikin lissafinmu. Tsoho mai sukari zai yi wata biyu yana tari a gabanmu, mu ce ai hunturu ne, kowa ma tari yake yi. Mu sayo masa siro, mu dafa masa citta da lemun tsami. Ni ba lokotoro ba ne, aikina faɗakarwa, amma abin da zan faɗa muku yana rubuce a takardun Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, shekara da shekaru, kuma har yau bai iso tsakar gidajenmu ba.

Mutanen da maganar ta shafa suna da yawa. Binciken STEPS da aka yi a Nijar a 2007 ya sami ciwon sukari a jikin kashi 4,3 cikin 100 na manyan da aka gwada. A 2021 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin 100 daga cikinsu ba su ma san suna da shi ba. Ku riƙe wannan adadi na biyu. Fiye da rabi suna yawo da shi, suna sana'arsu a Katako da Wadata, ba su sani ba.

To, me ya haɗa sukari da huhu? Huhu ba buhu ba ne da iska ke shiga ta fita kawai. A cikinsa akwai ƴan mitsi-mitsin jakunkunan iska, miliyoyi ɗari-ɗari, kowace an nannaɗe ta da jijiyoyin jini da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Tsakanin iskar da ka shaƙa da jininka akwai wani ɗan bango mai laushi wanda ido ba ya iya gani, ta nan oksijin ke tsallakawa. Muna numfashi kusan sau 20.000 a rana, kuma kowane numfashi ta wannan bango yake bi. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, ƙananan jijiyoyi yake fara ci, shi ya sa yake lalata ido da ƙoda. Jijiyoyin huhu irinsu ne. Bangon nan yana ƙara kauri, sukarin kuma yana manne wa zaruruwan da ke sa huhu miƙewa da dawowa kamar roba, sai su yi tauri. In an gwada ƙarfin numfashin masu ciwon sukari, ana samun ya ɗan gaza na sauran mutane, ko da ba su taɓa shan taba ba.

Kada in ƙara gishiri, raguwar ba ta da yawa, kuma Allah ya yi huhu da rara, shi ya sa mai ita ba ya jin komai yana zaune. Ranar da cuta ta shigo ƙirji ne ake neman rarar nan, a tarar an riga an ci wani abu daga ciki.

Babbar ɓarnar tana wajen garkuwar jiki. A cikin jakunkunan iskar nan akwai wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira makrofaj, masu gadi ne, aikinsu su haɗiye duk ƙwayar cutar da ta biyo iska, su kashe ta, su kira taimako in abin ya fi ƙarfinsu. Sukari mai yawa yana sa su kasala. Suna jinkirin gane baƙo, suna jinkirin kiran ƴan uwansu. Bayan haka, ɗan ruwan da ke shafe a hanyoyin iska, wanda ya kamata ya zama kusan babu sukari a cikinsa, shi ma yana ɗaukar sukari, ya zama abinci ga ƙwayoyin cuta. Mai gadi yana gyangyaɗi, ga tuwo an ajiye wa ɓarawo a zaure. Shi ya sa murar da za ta bar ka bayan kwana biyar take iya zama ciwon haƙarƙari a jikin mahaifinka, har a kwantar da shi.

Wannan ya kawo mu kan tarin fuka, tibi, wanda shi ne asalin abin da ya tsayar da ni gabanku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tibi. A jikin mafi yawansu garkuwa tana tsare ta wuri ɗaya, su rayu har su mutu ba ta tashi ba. Kamar 5 zuwa 10 cikin 100 ne take tashi a jikinsu ta zama ciwo. Me ke buɗe mata ƙofa? Sida, yunwa, taba, giya, da ciwon sukari. A 2008 wasu masu bincike biyu na jami'ar Harvard a Amurka, Christie Jeon da Megan Murray, suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka sami cewa mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da tibi. Kuma tibi ba tsohon labari ba ne. A 2023 mutum miliyan 10,8 suka kamu a duniya, kimanin miliyan 1,25 suka rasu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda cututtukan biyu suke ɓuya a bayan juna. Ina da kawu, tela ne, ya kai shekara shida yana shan maganin sukari. Wani hunturu ya fara tari. Aka ce ƙura ce, da zaren yadi da yake shaƙa a shago. Ya fara ramewa, aka ce ai sukari ne, dama yana ramar da mutum. Gajiya, sukari. Zufar dare har ya jiƙa riga cikin sanyin Janairu, aka ce sukarinsa ne ke sauka. Duk lokacin nan yana zuwa ana gwada masa sukari, yana hawa ba ya sauka, ana yi masa faɗa cewa yana satar cin abin da aka hana shi, shi kuma yana rantsuwa. Babu wanda ya tambaye shi tun yaushe yake tarin nan. Sai da ya ga jini a kakinsa, wata uku da farawa, aka tura shi gwajin kaki. Ya warke, alhamdu lillahi. Amma wata ukun nan a ɗaki ɗaya yake kwana da jikoki biyu, tagogi a rufe saboda sanyi, sai da su ma aka kai su aka duba.

Ku lura da sukarin nan nasa da ya ƙi sauka. Shi kansa alama ce. Duk wata cuta mai ƙarfi a jiki tana ɗaga sukari, tibi kuwa yana yin haka sosai, har wanda ba shi da diyabeti ana iya gwada shi a farkon jinya a ga sukarinsa sama, daga baya ya daidaita. Shi ya sa likitoci ke sake gwaji kafin su yanke hukunci. Ma'aunin da aka sani shi ne giram 1,26 a lita ko fiye, da safe kafin a ci komai, kuma a same shi haka sau biyu. Don haka in mai sukari yana bin doka, yana shan magani, amma lissafi ya rikice ba dalili, kafin a zarge shi da satar dabino, a saurari ƙirjinsa.

Ko an gano tibin, aikin bai ƙare ba, don magungunan biyu ba sa shiri sosai. Maganin tibi na yau da kullum wata shida ne: wata biyu ana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu ana shan biyu. Ɗaya daga ciki, rifampisin, wanda ke mai da fitsari ja, yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magungunan sukari, musamman irin su glibenklamid, wanda iyayenmu suka fi sani da Daonil. Mutum yana shan ƙwayarsa yadda ya saba, amma ƙarfinta ya ragu. Wani lokaci sai lokotoro ya canza magani, ko ya mai da mutum kan allurar insulin har jinyar ta wuce. Wani kuma, izoniyazid, yana iya kawo zugi da mutuwar tafin ƙafa, abin da mai sukari dama yake fama da shi, shi ya sa ake haɗa masa da bitamin B6. Na uku, etambutol, yana iya taɓa gani, ga ido dama sukari yana harinsa. Duk wannan yana da mafita, da sharaɗi ɗaya: wanda ke ba da maganin tibi ya san kana da sukari, wanda ke duba sukarinka ya san kana shan maganin tibi. Kada wani ya ji wannan ya je ya ƙara wa tsohuwarsa ƙwaya da kansa, don Allah. In ba a kula ba kuwa, bincike ya nuna mai sukari ya fi saurin mutuwa a cikin jinyar tibi, kuma ciwon ya fi saurin dawo masa bayan an ce ya warke.

A nan ne maganar ta bar hannun likitoci ta dawo hannun ƴan ƙasa irinmu. A Nijar maganin tibi kyauta ne. Akwai shirin ƙasa na yaƙi da shi, akwai cibiyar da muka fi sani da CNAT nan Yamai, akwai sashen ciwon ƙirji a asibitin Lamorde, akwai wuraren gwaji da ba da magani a jihohi, akwai rajista, ana bin mutum in ya daina zuwa. Akwai kuɗi a bayan wannan tsari, yawanci daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002 don cututtuka uku: sida, tibi da zazzaɓin cizon sauro. Ciwon sukari ba ya cikin ukun. Shi aljihunka ne asusunsa. Kai za ka sayi na'urar gwaji, kai za ka sayi ƴan tsinkayenta, kai za ka kai ordonansi farmasi kowane wata har ƙarshen rayuwa. Sai ka ga mutum ɗaya, jiki ɗaya, an ba shi maganin huhunsa ba ko dala, amma abin da ya raunana huhun an bar shi da shi. In kuɗi ya yanke a tsakiyar wata, wanne kuke jin zai ajiye?

Na san za ku tuna mini da ragin kashi 50 cikin 100 da gwamnati ta yi a kan kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024, har aka soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. Abu ne mai kyau, kuma ina faɗa da babbar murya. Sai dai ragin bai bi mutum zuwa farmasin unguwa ba, kuma mai sukari can yake kashe yawancin kuɗinsa. Sauƙaƙa wankin ƙoda taimako ne a ƙarshen hanya. Ni ina son a kashe wani abu a farkonta, inda ɗigon jini ɗaya a kan tsinke zai iya canza komai.

Abin da muke nema ba mu muka ƙago shi ba. Tun 2011 OMS da Ƙungiyar Duniya ta Yaƙi da Tarin Fuka da Cututtukan Huhu, wadda hedikwatarta ke Faris, suka fitar da tsari na haɗin gwiwa: duk wanda aka samu da tibi a gwada sukarinsa, duk mai sukari a riƙa tambayarsa alamun tibi a kowane zuwa. Indiya ta gwada a asibitocinta, a 2012 ta yanke cewa kowane mai tibi sai an duba masa sukari. Kuma kada wani ya ce mana Nijar ba za ta iya ba. A nan ƙasar, daga 2008, shirin ƙasa tare da ƙungiyar Action Damien ta Beljiyam suka fara jinyar tibi mai bijire wa magani da gajeren tsari na wata 12, lokacin da duniya ke ɗaukar kusan shekara biyu. Cikin mutum 65 na farko, 58 suka warke. Sakamakon Nijar yana cikin hujjojin da OMS ta dogara da su a 2016 ta amince da gajeren tsari ga duniya. Ma'aikatan lafiyarmu ne suka yi wannan. Waɗanda suka iya wancan, tambayar “Baba, kana tari?” ba za ta gagare su ba, in an sa ta cikin takardar aikinsu, an ba su kayan gwaji, an kuma rage musu layin mutum tamanin a kan majo ɗaya.

Yanzu mu dubi iskar da wannan huhu mai rauni yake shaƙa a garin nan. Hazon da ya rufe mu, har ka tsaya a gadar Kennedy ba ka hango Harobanda da kyau, yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Manyan ƙwayoyin ƙurar hanci yana tare su. Ƙananan su ne matsala, don suna wucewa har cikin jakunkunan nan da na faɗa muku. Wannan ba mu da iko a kansa, sai dai tsoho mai sukari ya rage fita ranar da hazo ya yi kauri, ya rufe hanci da takunkumi ko rawani. Amma sauran fa? Sharar da ake cinna wa wuta da magariba, leda da tsofaffin tayoyi a ciki, Cadi ce ta aiko mana da ita? Hayaƙin tsofaffin motoci da kabu-kabu a shataletale? Sai kuma murhu. Mafi yawan gidajen Nijar har yau da icce ko gawayi ake girki, duk da cewa tun da matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da gas na ƙasarmu. Wa ke tsugune a gaban murhun? Inna. Ita ɗin dai da ke da sukari, ita ke busa wuta safe da yamma, a hunturu ma a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Wanda yake da hali a cikinku, in zai yi wa mahaifiyarsa alheri bana, tukunyar gas ta fi atamfa.

Korona ta nuna mana wannan a fili, mun dai manta ne. An sami mutum na farko a Nijar ranar 19 ga Maris 2020. A Nuwamba 2021 ofishin OMS na Afirka ya duba alƙaluman ƙasashe 13, har da Nijar, ya ga cewa cikin masu korona gaba ɗaya kashi 2,5 cikin 100 ne suka rasu, amma cikin masu ciwon sukari kashi 10,2. Ninki huɗu.

Akwai wani numfashi kuma da nake son kowa ya san shi, don wannan ya fi shafar sa'o'inmu da ƙannenmu. Yaro ko matashi ya yi makonni yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, yana ramewa alhali yana ci. Wata rana sai amai, ciwon ciki, sai ya fara jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, bakinsa yana wani wari mai kama da ruwan goge farce. Gida za a ce asma ce, ko iska ta taɓa shi. Huhunsa lafiya lau. Jikinsa ne ba shi da insulin, jini ya yi tsami, huhu yana ƙoƙarin fitar da tsamin ta iska. Wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya bayyana wannan numfashi tun 1874, har yau da sunansa ake kiransa. Wannan ba na jiran safiya ba ne, ba na hayaƙi da tofi ba ne. A ɗauke shi a kai asibiti a daren, kuma da isa a ce a gwada sukari.

Bari in juyo kanmu, don na ga wasu sun gyara zama kamar maganar tsofaffi ce kawai. Mu je fada. Shayi zagaye uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe kusan zuma, sau nawa a rana? Ga bisap, ga lemun hari, ga na kwalba. OMS ta ce kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Ku ƙirga abin da mai buta yake zubawa. Ba ina cewa shayi kaɗai ke kawo diyabeti ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai zaman wuri ɗaya daga hantsi zuwa dare. Kuma ba na raina fada, na san rashin aiki ne ya zaunar da da yawa a can. Amma a tabarmar nan guda ga shisha tana zagayawa. Tun 2005 OMS ta yi gargaɗi cewa a zama ɗaya mai shan shisha yana iya zuƙar yawan hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ruwan da ke cikin kwalbar sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya wanke shi. Masu shan taba sun fi waɗanda ba sa sha haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Sannan mutum shida kuna zaune gwiwa da gwiwa cikin ɗaki rufaffe, kuna tari a fuskar juna. In ɗaya yana da tibi bai sani ba, kun gama masa aiki.

Ƴan uwana mata, ku yi haƙuri, ku ma akwai naku. Ƙwayoyin ƙiba da ake saya wajen masu tallar magani a tire, musamman deksa, don a cika kafin biki. Deksametazon magani ne mai ƙarfi, yana ceton rai in lokotoro ya rubuta shi a inda ya dace. Shan sa kullum ba dalili yana ɗaga sukari, yana kuma danne garkuwar jiki. Abubuwa biyun nan da tibi ke jira, a ƙwaya ɗaya ta dala biyar.

Kuma mu daina cewa ciwon masu kuɗi ne ko na masu tumbi. A asibitocin Afirka an daɗe ana ganin samari siraru ƙwarai masu sukari, waɗanda yunwar ƙuruciya ta hana gaɓar da ke yin insulin girma yadda ya kamata. A Afrilu 2025, a taronta na Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta amince da shi a matsayin nau'i na daban. A ƙasar da fiye da yara 4 cikin 10 suke tasowa a tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, wannan labarinmu ne. Ita yunwar kuma da kanta tana buɗe wa tibi ƙofa.

To me za mu yi, mu da ba mu da allura ba mu da ofis? Mu ne muke ɗauko iyayenmu a babur mu kai su likita, mu ne muke karanta ordonansi, mu ne muke jin faransancin da ake yi a kansu. Mu yi amfani da wannan. In mai sukari a gidanku ya kai mako biyu yana tari, ko yana zazzaɓin yamma, ko zufar dare, ko ramar da ta wuce ta da, ku kai shi CSI, ku faɗa da bakinku cewa yana da ciwon sukari kuma kuna son a gwada kakinsa. Ni da za a bi tawa, ba sai an cika mako biyun ba. In wani naku ya fara maganin tibi, ku tambaya ko an duba sukarinsa, in ba a duba ba ku nema. Takardun duka biyu su zauna a leda ɗaya, a nuna su a kowace ƙofa. Kuma a daina ware masa kwano da cokali ana wulaƙanta shi, tibi ta iska yake bi, ba ta kwano ba. A buɗe taga, a bar rana ta shiga ɗaki, ya rufe baki in zai yi tari. Bayan kamar mako biyu yana shan maganin da ya dace, haɗarin ya ba wani yana raguwa ƙwarai. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar da ke kwana tare da shi a kai su a duba, akwai maganin rigakafi da ake ba su.

Ga hukuma kuma, buƙatarmu ba ta da tsawo. A kowane wurin da ake ba da maganin tibi a sami na'urar gwajin sukari da tsinkayenta, gwajin ya zama kyauta kamar maganin. Wanda aka same shi da cututtukan biyu a ɗauke masa kuɗin maganin sukari, ko da na wata shidan jinyar ne kawai, don bai kamata ƙasa ta kashe kuɗi kan huhunsa ta bar abin da zai dawo da ciwon ba. Ma'aikatar lafiya ta riƙa faɗa mana kowace shekara, cikin masu tibi nawa aka gwada wa sukari, nawa aka samu. Muna da ranaku biyu a kalanda, 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari da 24 ga Maris ta tibi. Kowace ana yin ta da tata riga da tata hula, da nata jawabi. Tsakaninsu wata huɗu ne da ƴan kwanaki, daidai tsawon hunturu, lokacin da gari duka ke tari kuma babu mai tambaya.

Ba za mu je gaban kowa da zato ba. Ina ba da shawara mu rarrabu biyu-biyu, mu zagaya CSI na unguwanninmu cikin ladabi, mu gaida majo, mu tambaye shi abu uku: kuna da na'urar gwajin sukari mai aiki yau, nawa ake biya, kuma in mai sukari ya zo da tari ina kuke tura shi. Mu rubuta amsar yadda aka ba mu, ba ƙari ba ragi, har da inda muka tarar ana yin aikin da kyau, don su ma a san da su. Kada kowa ya ɗauki hoton mara lafiya, kada a rubuta sunan kowa. Wanda yake son shiga ya ba da sunansa da unguwarsa kafin ya fita. Za mu fara da Bukoki, Talaje da Lazare, inda muka fi yawan mutane, ƴan Harobanda kuma ku tsaya bayan an tashi mu ga yadda za a yi da naku ɓangaren.